Gyaran jita don saukakken ɗauri: abin da na gani a wani shago a Jos

Tun shigowar hunturun da ya wuce nake fama da jitata, har sai da na kai ta wani ƙaramin shagon gyaran kayan kiɗa da ke bayan titin Ahmadu Bello, ba nisa da Taminus. Yanzu wata biyar ke nan da karɓo ta. Na kaɗa ta cikin sanyin Janairu, na kaɗa ta cikin zafin bazara, ga shi damina ta sauka, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da aikin, domin amfanin duk wanda yake sassauta tsirkiyoyin jitarsa zuwa ƙasa, yake kuma mamakin abin da ya sa muryarta ta lalace.

Jitar tawa irin mai tsirkiyar ƙarfe ce wadda ba ta buƙatar lantarki, kuma da ita nake raka wata ƙanwata da ke waƙa a wuraren biki da ƙananan taruka. Muryar ƙanwar tawa mai kauri ce, waƙoƙinta kuma na Hausa ne, irin waɗanda suke zaune a kan murya guda, su zaga su dawo kanta. Ɗauri shi ne muryar da ake saita kowace tsirkiya a kai, kuma da haruffa ake kiran muryoyin. Ɗaurin da kowa ya fara koyo, daga tsirkiya mafi kauri zuwa mafi siranta, shi ne E, A, D, G, B, E, kuma ya dace ƙwarai da waƙar da ake yawan sauya kod, wato haɗin muryoyin da ake kaɗawa tare, a cikinta. Amma ga waƙar da take bukatar turke ɗaya a ƙasa, wanda babban yatsa zai riƙa komawa kansa ba fashi, wannan ɗauri yana barin mutum da hannu a cike kuma da ƙasa a wofi. Wanda ya tashi yana jin garaya da gurmi da molo ya san abin da nake nufi, domin kunnenmu ya saba da makaɗin da yake dawowa kan murya ɗaya a kai a kai, mawaƙi kuma yana yawo a samanta. A nan garin ma marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa yana cika fili da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Abin da nake nema daga jita ke nan, kuma hanyar samunsa ita ce a sassauta tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, daga E zuwa D, abin da masu jita suke kira dirof D. Da zarar an yi haka, tsirkiyoyi uku na sama da suke kusa da fuskar makaɗi sun zama D, A, D, kuma idan aka kaɗa su tare ba tare da danna komai ba, sai su ba da wani amo mai faɗi da nauyi wanda yake cika ƙirji.

Na yi shekara biyu a haka lafiya lau. Matsalar ta fara ne lokacin da ƙanwata ta ce D ɗin ma ya yi mata sama a wasu waƙoƙi, sai na sauke dukkan tsirkiyoyin da mataki guda cikakke, wato kamar daga E zuwa D, suka zama C, G, C, F, A, D. A makon farko na ji daɗin kaurin muryar. Daga nan sai tsirkiya ta shida ta fara zizara a kan ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuyan jitar kamar an ɗaura mata akayau, idan na buga ta da ƙarfi muryar takan yi tsalle sama sannan ta sauko, kuma duk abin da na danna daga gaɓa ta bakwai zuwa gaba (gaɓa ita ce filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe) sai ya fito a karkace, ko da na'urar saiti ta nuna mini cewa komai daidai yake. Na canja tsirkiyoyi sau biyu da irin waɗanda na saba saye, babu abin da ya sauya. Har na fara tunanin wuyan ne ya murɗe, na fara tambayar kuɗin sabuwa.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai gyaran rediyo da wani tela. Babu allon suna mai ɗaukar ido, sai tsofaffin jitoci uku da ke rataye a bakin ƙofa, da ganga ɗaya da aka cire wa fata. Mai shagon dattijo ne wanda furfura ta cika wa gemu, kuma yawancin aikinsa na masu kiɗan majami'u ne da ɗalibai, abin da ba abin mamaki ba ne a garin da kusan kowace unguwa take da ƙungiyar mawaƙa. Teburin aikinsa an shimfiɗa masa tsohon bargo, an ajiye ɗan matashi da aka cika da yashi inda wuyan jita yake kwanciya. Wannan shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali, domin na taɓa ganin wurin da ake kwantar da jita a kan katako tsirara, kusa da kusoshi.

Bayan mun gaisa, na ce, “Baba, ina jin wuyanta ya lalace.” Bai amsa ba sai da ya ɗauke ta ya kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago kai ya ce, “Malam, a wane ɗauri kake son ta zauna? Wanda na ji yanzu, ko kuwa kana hawa kana sauka?” Wannan tambaya ita ce ta bambanta shi da duk wanda na nuna wa jitar kafin shi. Mutum biyu da na fara kai wa, abin da suka fara yi shi ne murza kunnuwan da ake ɗaure tsirkiyoyi da su, su mayar da ita ɗaurin da aka saba, su kaɗa, su ce ai ba ta da komai. Gaskiya suka faɗa, domin a wancan ɗaurin ba ta da komai ɗin, amma ni ba a can nake kaɗa ta ba.

Bayanin da ya yi mini a tsaye, yana nuna kowane wuri da yatsa, ya fi mini kuɗin aikin daraja, kuma daga baya na bi lissafin da kaina na ga ya yi daidai. Tsirkiya ta shida a kan E tana girgiza kusan sau 82 a sakan ɗaya, a kan D kusan sau 73, a kan C kuwa kusan sau 65. Ƙarfin jan tsirkiya yana faɗuwa fiye da yadda muryar take faɗuwa, ta yadda saukar mataki guda cikakke take rage shi da kusan kashi 21 cikin 100, saukar mataki biyu kuma, wato daga E zuwa C, take rage shi da kusan kashi 37. Saitin tsirkiyoyin da nake amfani da shi, mai lambar kauri 12 zuwa 53, yana jan wuyan jita da nauyin da ya ɗan haura kilo 70 a ɗaurin da aka saba. A cikin wuyan akwai wani rodin ƙarfe da aka binne domin ya ja baya, ya yi daidai da wannan nauyi. Da na sassauta dukkan tsirkiyoyin, sai rodin ya rasa abokin ja, ya miƙar da wuyan har ya ɗan tura tsakiyarsa sama, tsirkiyoyin suka kwanta kusa da ƙarafan. Ga shi kuma tsirkiya mai sako-sako ta fi lilo da faɗi idan an kaɗa ta, don haka a daidai lokacin da take bukatar ƙarin fili, a lokacin ne filin ya ragu.

Sai kuma hunturu ya ƙara nasa. Masu ƙera jita suna son ta zauna a inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, Jos kuwa, da take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta a Disamba da Janairu busasshiya ce ƙwarai, irin wadda take tsattsage leɓe da diddige. Itace yana shan wannan wahalar kamar fata. Fuskar jitar takan bushe ta ɗan lotsa, jakin da tsirkiyoyi suke hawa ya sauka tare da ita. Dattijon ya kama yatsana ya bi da shi gefen wuyan, na ji bakunan ƙarafan suna kartar fata, ya ce itacen ne ya tsuke ya bar ƙarfen a waje, domin ƙarfe ba ya tsukewa don rashin laima. Na daɗe ina jin wannan kartar idan na zame hannu, ban taɓa haɗa ta da yanayi ba.

Ya ba ni zaɓi biyu, kuma ya faɗi abin da kowanne zai ci. Ko dai ya sassauta rodin kawai ya bar tsirkiyoyin da ke kai, wanda aikin minti kaɗan ne kuma zai rage zizar amma tsirkiya ta shida za ta ci gaba da zama kamar igiyar shanya, ko kuma a yi cikakken saiti a kan sabon ɗaurin, da tsirkiyoyi masu kauri. Bai matsa mini in ɗauki mai tsadar ba. Ya dai ce idan C ɗin nan na kwana biyu ne, kada in ɓata kuɗina, idan kuwa a nan zan zauna, to a gina mata gida a nan. Na zaɓi na biyu.

Lambobin da ake rubutawa a jikin fakitin tsirkiya kaurinsu ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin 1,000 na inci, wato 53 tana nufin kimanin milimita 1.35. Ya ce saiti mai lamba 13 zuwa 56 zai dawo da yawancin ƙarfin jan da ya ɓace a tsirkiyoyi biyar, domin su mataki guda kawai suka sauka, amma ta shida da ta sauka mataki biyu, 56 ba za ta ishe ta ba, sai an nemo 59 ita kaɗai, wadda kaurinta ya kai kusan milimita ɗaya da rabi. A nan ne aka samu tangarɗar farko. Ba shi da ita a shagon, kuma bai samu a shagunan da ke kusa ba, sai da ya aika aka sayo daga Legas. Ya ce mini kwana uku, amma sai da aka yi kwana goma sha ɗaya. Jinkirin kansa ban ɗora masa laifinsa duka ba, tunda kaya ne da ba kowa yake nema ba. Abin da ya dame ni shi ne bai kira ya sanar da ni ba, kuma wayarsa sau da yawa a kashe take, har na yi zuwa biyu daga Bukuru na koma hannu rabbana, ga kuɗin mota, ga biki yana matsowa. Wanda zai kai masa irin wannan aiki, ya fi masa sauƙi ya nemo tsirkiyoyinsa da kansa ya tafi da su a hannu.

Ranar da kayan suka iso na nemi izinin zama in kalli aikin, ya nuna mini benci. Ya fara da ƙashin da ke can saman wuya, inda tsirkiyoyi suke ratsawa ta cikin ƙananan tsagogi kafin su kai ga kunnuwa. Tsagar da aka yanka don 53 ba za ta karɓi 59 ba, tsirkiyar za ta maƙale a baki, ta riƙa yin ƙas idan ana murza kunne, muryar ta yi tsalle maimakon ta hau a hankali. Ba shi da cikakken jerin magagaran da ake ƙerawa musamman don wannan aiki. Abin da ya yi shi ne ya yanko guntun sabuwar tsirkiyar, ya naɗe ta da samfefa mai laushi, ya riƙa goga tsagar da ita a hankali, yana karkata hannunsa zuwa wajen kunnuwa, yana gwadawa bayan kowace guga uku ko huɗu. Faɗi kawai ya ƙara mata, bai ƙara zurfi ba, domin idan tsagar ta yi zurfi tsirkiya za ta zizara a kan ƙarfe na farko, kuma ƙashin da aka ci ba ya dawowa. Da ya gama sai ya goga bakin fensir a cikin kowace tsaga don ta yi santsi. Wannan ɗan aikin kaɗai ya ɗauke shi kusan rabin sa'a, kuma ban ga alamar gaggawa a hannunsa ba.

Bayan ya ɗaura sababbin tsirkiyoyin ya kai su C, G, C, F, A, D, sai ya ja kowace da yatsa sau da yawa don ta gama miƙewa, ya sake saitawa, sannan ya koma kan wuyan. Ya maƙala kafo, wato ɗan matsen da yake danne tsirkiyoyi a kan wuya, a gaɓa ta farko, ya danna tsirkiya ta shida a gaɓa ta 14 inda wuya yake haɗuwa da jiki, ta yadda tsirkiyar ta zama miƙaƙƙiyar rula, ya zura siraran ƙarafan awo, irin waɗanda makanikai suke auna bakin fulogi da su, tsakaninta da ƙarfe na bakwai. Babu fili ko kaɗan. Ya sa ɗan makulli mai kusurwa shida ta cikin ramin jitar, ya juya rodin hagu da kwata ɗaya kawai, ya ajiye ta, ya koma gyaran wata ganga. Na tambaye shi dalilin tsayawar, ya ce, “Malam, itace ba ya amsawa nan take. A ba shi lokaci ya yi tunani.” Sau biyu ya yi haka, har filin ya kai kusan kwatan milimita, ya ce ga mai saukakken ɗauri ya fi son ya bar shi a can sama-sama, tunda tsirkiyar tana bukatar wurin lilo.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na jaki. Ɗan farin ƙashin da ke zaune a kan jakin, wanda tsirkiyoyi suke hawa, na roba ne tun daga kamfani, kuma ya yi ƙasa. Hanya mai sauƙi ita ce a cusa guntun kati a ƙarƙashinsa, kuma da yawa haka suke yi, sai dai hakan yana kashe amo. Shi kuwa ya ɗauko wani guntun ƙashin saniya da ya dafa ya busar tuntuni, ya yanka, ya goge a kan samfefar da ya manna a gilashi don gindin ya yi sumul, har ya shiga tsagar jakin daram ba tare da gam ba. Ya ce duk abin da kake son ƙarawa a gaɓa ta 12, ninkinsa za ka ƙara a jaki, kuma da wannan lissafin ya yanke tsayin. Daga nan ya shiga gyaran karkacewar muryar da ta fi damuna. Yakan taɓa tsirkiya a hankali a kan ƙarfe na 12 ba tare da dannawa ba, ya kaɗa, ta ba da wata siririyar ƙara kamar ta ƙararrawa, sannan ya danna ta sosai a wannan wurin ya sake kaɗawa. Ya kamata muryoyin biyu su zama ɗaya. A tsirkiya ta shida, wadda aka danna ta fi hawa sama, alamar cewa tsirkiyar tana bukatar ƙarin tsawo. Sai ya goge saman ƙashin ta gaba, ya mayar da tudun da tsirkiyar take hawa can baya da ɗan abin da bai fi kaurin farce biyu ba. Ya yi wa ta biyar da ta biyu makamancin haka. Tsohon ƙashin kuma ya naɗe mini shi a takarda, ya ce in ajiye, ko wata rana zan so komawa ɗaurin farko.

Ya kuma bi bakunan ƙarafan da suke karta da magagari, bayan ya rufe itacen da tef don kada ya ƙwarzane. A nan na ga kuskure ɗaya: kusa da gaɓa ta tara magagarin ya zame ya bar ɗan zane a gefen wuyan. Ba ya hana kiɗa, kuma sai an duba da kyau ake ganinsa, amma shi bai nuna mini ba, ni na gano shi a gida. Da na yi masa magana daga baya bai musa ba, ya ba da haƙuri, ya shafe wurin da ɗan mai har ya dushe. Na fi son a ce shi ya fara faɗa.

Muryar da ta fito bayan an gama ita ce na yi wata da watanni ina nema. C ɗin ƙasa ya tsaya cak, yana da nauyi amma bai cakuɗe ba, kuma idan na bar shi yana amo na hau sama da sauran yatsu, ba ya mutuwa da wuri. Zizar ta tafi, sai dai idan na buga da ƙarfin da ya wuce kima, kuma ya gargaɗe ni tun a shago cewa babu saitin da zai kawar da wannan ɗungurungum a jita mai tsawon tsirkiya kusan milimita 650, domin masu zama a ƙasa sosai sukan nemi jita mai dogon wuya, mai inci 27 ko fiye, wadda aka ƙera don haka. Tsallen da muryar take yi a farkon bugu ya ragu ƙwarai. Ya koya mini abu biyu a kan wannan. Na farko, in riƙa saita tsirkiya ta shida da irin ƙarfin da nake kaɗa ta a cikin waƙa, in dubi abin da na'ura ta nuna a farkon bugun. Na biyu, duk lokacin da zan sauke tsirkiya, in wuce muryar da nake nema zuwa ƙasa kaɗan sannan in hauro, domin tsirkiyar da aka tsayar tana kan sauka takan ci gaba da zamewa a tsakiyar waƙa.

Akwai abin da saitin ya ci mini, kuma bai ɓoye ba. Tsirkiyoyi masu kauri suna cin yatsu, sai da na yi kusan mako biyu kafin kantar yatsuna ta saba. Sannan jitar ta zama ta wannan ɗauri, domin idan na ja waɗannan tsirkiyoyin har zuwa E, nauyin da zai hau wuya da jaki zai wuce abin da ta saba ɗauka, musamman ta shidan. Maganin da ya ba ni mai sauƙi ne: idan aka maƙala kafo a gaɓa ta biyu, C, G, C, F, A, D yana komawa D, A, D, G, B, E, wato dirof D ɗina na da, ba tare da na taɓa kunne ko ɗaya ba. Yanzu a wurin biki da kafo kawai nake sauya tsakanin waƙoƙin da ƙanwata take yi a C da waɗanda take yi a D, kuma yatsuna ba sa sauya tsari. Wanda bai saba ba sai ya tuna cewa duk kod ɗin da yake taɓa tsirkiya ta shida ya matsa da gaɓa biyu: abin da yake dannawa a gaɓa ta uku don tsarin G ya koma ta biyar, tsarin E kuma yana bukatar yatsa a gaɓa ta biyu inda a da ake barin ta a sake. A madadin haka, yatsa ɗaya da aka kwantar a kan tsirkiyoyi uku masu kauri ya isa ya ba da cikakken amo a ko'ina a wuyan, sauran yatsun kuma sun samu 'yancin bin muryar mawaƙi.

Wani saurayi da ya shigo ina zaune ya tambayi ko dole ne sai an yi duk wannan kafin a gwada saukakken ɗauri, amsar da dattijon ya ba shi ta ƙara masa daraja a idona. Ya ce a'a, wanda zai sauke ta shida kawai zuwa D don waƙa ɗaya ko biyu, ya murza kunne ya yi kiɗansa, jita lafiyayya tana ɗaukar wannan ba tare da an taɓa komai ba. Ya ma nuna masa dabarar maƙala kafo a gaɓa ta biyu a kan tsirkiyoyi biyar, a bar ta shida a sake, wadda take ba da irin wannan tsarin a kan E ba tare da an sassauta komai ba. Saurayin ya tafi bai biya ko kwabo ba. Mai neman kuɗi ido rufe da ya karɓi jitar ya ce a dawo jibi.

Wannan sha'awa ta sake tsirkiya don neman amo mai tsayawa daɗaɗɗiya ce a tsakanin masu jita. Makaɗan jitar gargajiyar Turai sun daɗe suna sauke ta shida zuwa D a wasu kiɗe-kiɗensu. Ɗaurin D, A, D, G, A, D kuwa, wanda ya bazu a kiɗan Ingila da Ayalan, ana danganta shi da Davey Graham, wanda ya fito da shi a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya saurari kiɗan can. Ina ambaton wannan ne domin wasu abokan kiɗa a nan suna ɗaukar saukakken ɗauri a matsayin abin masu kiɗan hayaniya na Amurka kawai, alhali wani reshensa daga wannan nahiyar tamu ya samo hanya, kuma a kunnena ya fi dacewa da waƙar Hausa fiye da ɗaurin da aka koya mana tun farko.

Game da kuɗi, ladan aikin gaba ɗaya, har da sassaƙa sabon ƙashi, bai kai kuɗin fakiti biyu na tsirkiyoyi masu kyau ba, kuma ina ganin ya yi araha idan aka dubi sa'o'in da ya ɗauka. Ba ya ba da rasit, ba ya kuma rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, komai a baki ne, saboda haka yana da kyau mutum ya tabbatar da farashi da abin da za a yi tun kafin ya bar kayansa. Wurin ajiyarsa ma ƙarami ne, jitocin mutane suna jingine a jikin bango, wasu babu jaka, ga ƙurar titi. Ka kai taka cikin jakarta, ka kuma roƙi a mayar da ita ciki idan ba a kanta ake aiki ba. Ban ga ya yi aikin jitar lantarki mai jaki mai lilo ba, don haka abin da na faɗa a kan jita irin tawa ya tsaya.

Kafin in tafi ya ba ni wata 'yar robar sabulu da ya huda wa murfi, da guntun soso a ciki, ya ce in jiƙa soson in matse sosai har ya daina ɗiga, in ajiye a cikin jakar jitar duk tsawon hunturu, in riƙa dubawa kowane kwana biyu ko uku, in kuma daina jingine ta kusa da gawayin da muke jin ɗumi da shi da dare. Ya ce idan damina ta kankama itacen zai sha laima, fuskar jitar ta taso, tsirkiyoyin su yi nisa da ƙarafan, in kawo ta ya sake dubawa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Haka kuwa aka yi. Bayan ruwan farko na Afrilu na fara jin yatsuna suna wahala daga gaɓa ta bakwai zuwa sama. Na cire soson, na kai masa ita ranar wata Asabar da safe, ya auna, ya ɗaure rodin da abin da bai kai kwata ba, ya kaɗa C ɗin ƙasa ya saurara har amon ya ƙare, sannan ya miƙo mini ita ya ce sai Nuwamba.